Man Jirgi Daga Kututture

Kamitsuru, watan Maris

Zuwa ga uwar yara, Oshige,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Fumi da abin da ke cikinta. Yaya gwiwarki da sanyin can? Ki ce wa Fumi ubanta ya ce ta daina ja wa mutane rai, ta haihu ta sako mini matata. Ni lafiyata lau, in ban da bayana, wanda yanzu ya zama mallakar gwamnati.

Kada ki damu da rubutun. Kin san tun ina aji uku malaminmu ya sallame ni, ya ce kaina katako ne mai kyau, in je in sassaƙa takalmi da shi. Inda kika kasa karantawa ki miƙa wa Fumi. Inda ita ma ta kasa, to zagi ne, ku tsallake. Ba ta gidan waya zan aiko ba, don masu buɗe wasiƙun mutane ba su san wasa ba. Tokuji mai busasshen kifi ne zai ƙetaro da ita a kwandonsa, in kin ji ƙarni ba ni ba ne.

Na rufe shago. Ba wanda zai sake sa sabon takalmi a ƙauyen nan sai an ci yaƙi. Nogami shugaban ƙauye ya tara mu a harabar haikali, ya hau kan akwati don a gan shi, ya ce jiragen yaƙinmu na sama ƙishirwa suke ji. Jiragen ruwan da ke kawo mana mai daga kudu duk Amurkawa sun nutsar da su. Wannan shi bai faɗa ba, ni nake faɗa miki. Ya ce masana sun gano akwai man jirgi a saiwar itacen matsu, mai ƙaron nan da ke kan duwatsunmu, musamman tsohon kututturen da ya daɗe a ƙasa. A tono, a faskara, a dafa a tukunyar ƙarfe, mai ya ɗigo. Kowane ƙauye an ɗora masa nasa kason.

Maƙwabcinmu Matabei ya ɗaga hannu ya ce, "Shugaba, in kututture ya ƙare za a fara dafa tsofaffi? Don in shirya, ni ma na daɗe a ƙasa." Aka yi dariya, ban da Nogami. Sai ya juyo kaina ya ce, "Rihei-san, kai uban mikiya ne, ɗanka Genzo yana sama yana kare mu. Kai za ka shugabanci masu tono." Na ce, "Shugaba, ni dai a sanina kaza na haifa. Yaron da in na ce ya hau tsani ya sauko mini da katako sai ƙafarsa ta yi ta rawa." Ya ce in daina wasa da abin alfahari. To, ga mijinki ya zama shugaba. Talakawana tsofaffi ne da mata, makaminmu diga da igiya.

Oshige, ba ki taɓa kokawa da kututturen matsu ba, kada ki fara. Saiwarsa ta fi dangin uwarki yawa, kuma ta fi su riƙo. Mu wuni a kan guda ɗaya, mu ɗaura igiya, mu yi ta ja muna kiran sunayen kakanninmu, in ya ga dama ya fito. Mu faskara, mu ɗauka a baya zuwa gindin dutse inda aka kafa tukwanen. A yi ta hura wuta, sai can wani baƙin abu mai wari kamar kwalta ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, kamar fitsarin tsoho. Shi ne wai zai kai jirgi sama. Itacen da muke ƙonawa a ƙarƙashin tukunyar ya ishi ƙauyen nan girki har baɗi.

Shekaranjiya muna cikin ja sai ga manyan jiragen Amurka sun biyo ta kanmu, can ƙololuwa, a jere, suna walƙiya kamar masu zuwa ɗaurin aure. Wani ɗan jirginmu ya taso yana ƙoƙarin kamo su, yana tari yana haki, bai ko kai rabin tsayinsu ba ya juyo. Na tsaya da igiya a hannu raina ya ɓaci. Su wa suka shiga yaƙi da mutanen da ke da irin waɗannan, alhali dabararsu ta ƙarshe ita ce Matabei da diga? Wa ya tambaye ni? Da an tambaye ni da na ce a bari, kuma aji uku na yi.

Amma bari in faɗa miki abin kunya. Duk zagin nan da nake yi, na fi kowa tono. Da na ɗaga diga sai in ga Genzo a sama, tankinsa ya ƙafe, ƙarƙashinsa ruwa. Sai in ƙara sara.

Katinsa ya zo. An mayar da su wani sansani a kudu, kusa da teku. Layi biyu ne: yana lafiya, kada mu damu. Yaron da ke cika mana kunne da surutu a kan abinci! An ce ana barin iyaye su gan su. Zan nemi tikiti in je in gani da idona.

Ki gaishe da Fumi da surukanta. Ki rufe gwiwar nan da zane.

Mijinki, shugaban kututture,
Rihei


Kamitsuru, ƙarshen Afrilu

Oshige,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mai jego. Tokuji ya kawo mini albishir. Mace! Madalla da Fumi, ta yi hankali. Mace ba a ɗaura mata farin ƙyalle a goshi a tura ta sama. Da fatan ruwan nono ya zo, da fatan ke ma kina samun barci. Tokuji ya ce yanzu ba a barin kowa ya ƙetare a babban jirgin ruwa saboda nakiyoyin da aka zuba a mashigin. To ki zauna inda kike, ba na son ki zama abincin kifin da zai dawo ya sayar mini.

Na ga ɗanki. Zauna tukuna ki karanta.

Tafiyar ba sai na ba ki labari ba. Jirgin ƙasa ya tsaya mana a tsakiyar gonaki saboda ƙananan jiragen Amurka sun sauko suna harbi, muka watse cikin kwata. Na kwanta kusa da wata mata da ta rungume kazarta, tana ce mata, "Yi shiru, za su ji ki." Curin shinkafar da na yo wa Genzo, da shinkafar da na musanya da takalma, a ƙarƙashin cikina na ɓoye shi. Ya isa a baje kamar tafin hannu, amma ya isa.

A wani ɗan gidan abinci kusa da ƙofar sansanin muka haɗu, da hantsi. Ya rame, Oshige. Wuyansa ya yi tsawo. Ya sara mini kamar ni hafsa ne, na ce, "Kai, sauke hannun nan, ni ne fa wanda ya wanke maka gindi." Sai ya yi dariya, a nan na gane ɗana.

Ga yadda abin yake, don ba za ki ji shi a rediyo ba. Jiragen ruwan Amurka sun cika tekun Okinawa. A sansanin nan matuƙa iri biyu ne. Akwai waɗanda ake ɗaure wa bam a cikin jirgi, su tafi su faɗa kan jirgin ruwa da kansu, su ba dawowa. Akwai kuma 'yan rakiya, masu kare su a hanya daga jiragen abokan gaba, su ga wanda ya samu da wanda ya faɗa ruwa, su dawo su faɗa. Genzo ɗan rakiya ne. Ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Da na ji haka na kusa sumbatar teburin.

Sai na ce, "To haka za ka yi ta rakiya har a gama?"

Ya dubi ƙofa, ya ce, "Baba, an ce kowa zai tafi. Har jiragen koyon tuƙi masu fikafikan zane ana shirya su. Abin da ya riƙe mu kawai mai ne. Babu mai. Ranar da ya samu, shi ke nan."

Yana faɗa yana cin curin shinkafa, kamar yana ba ni labarin ruwan sama. Sai idonsa ya kai kan hannuwana, duk sun tsage sun yi baƙi da ƙaro. Ya ce, "Me ya sami hannunka?" Ni kuma da bakina da ba ya jiran kaina na ce, "Man jirginku nake tonowa."

Kin san abin da ya yi? Ya ajiye abincin, ya dafa gwiwoyinsa, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tebur, ya ce ya gode. Ya gode! Da na ɗaga hannu na kwaɗa masa mari da na fi jin daɗi. Wane ɗan banza ne ya koya wa yarona ya gode wa mai haƙa masa kabari?

Na kama hannun rigarsa na ce, "Genzo, ka ce cikinka na ciwo. Ka ce idonka ba ya gani. Ka ce inji ya ƙi. Kai da ka iya ƙarya ranar wanke shago?"

Ya ce, "Baba, rage murya." Sannan ya ce, "Abokaina sun tafi, ni na raka su. Kuma sunan gidanmu fa?"

Na ce, "Wane suna? Mu masu takalmi ne, sunanmu a ƙarƙashin ƙafar mutane yake, kullum a cikin kashin doki." Bai yi dariya ba. Ya ce in gaishe ki, in ce miki yana ƙoshi.

Kafin in baro garin na ga tashinsu daga bakin shinge. 'Yan matan makaranta sun tsaya a jere suna kaɗa rassan fure. Jiragen masu bam suna gudu suna tangaɗi don nauyi, da ƙyar suke rabuwa da ƙasa. Wani tsohon hafsa yana tsaye a kan dakali yana sara musu, cikinsa ya turo maɓallan rigarsa. Shi dai na tabbata jirginsa ba zai iya ɗaga shi ba, shi ya sa ya zauna.

Na dawo na tarar Nogami ya ce an ƙara mana kaso, kuma an yaba wa ƙauyenmu. Gangunan da muka cika suna jere a gindin dutse suna jiran amalanke. Ina wucewa ina kallonsu. Da, in na gan su sai in ga ina ceton ɗana. Yanzu ban san me zan kira su ba.

Ki sumbaci jikata. Kada ki faɗa wa Fumi duka, mai jego ce.

Naki,
Rihei


Kamitsuru, ƙarshen Mayu

Uwar yara,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka, da fatan jaririya tana tsotso tana hana ku barci yadda ya kamata. In kin ga rubutuna ya ƙara lalacewa, a kwance nake yi, don haƙarƙarina sun ƙi zama. Kada ki tsorata. Haƙori ɗaya na rasa, kuma wanda ke ciwon ne, an cire mini kyauta.

Tokuji zai ba ki labari ko ban ba ki ba, gara ki ji daga mai laifin.

Na yi lissafi irin na ɗan aji uku: ba mai, ba tashi. Ba tashi, ɗana yana ƙasa. Da tsakar rana da aka sauka cin abinci na ce su tafi, ni zan kula da wuta. Suna ɓacewa na ɗauki guduma na ɓalle murafun gangunan, na mirgina su bakin kwatar da ke gefen tukwanen, na tuntsurar. Ina yi ina waƙa, Oshige. Ban ji daɗin jikina irin na lokacin ba tun ranar aurenmu.

Abin da na sani, kwatar nan kogi take faɗawa. Abin da mai takalmi ya manta, wanda ko akuyar manomi ta sani, shi ne a wannan watan ana karkatar da ruwanta zuwa fadamar da aka yafa irin shinkafa. Kafin su gama cin abinci baƙin mai ya rufe dashen rabin ƙauye. Har na Matabei. Har na gwauruwar nan Okuma mai yara ƙanana. Na sauko na tarar da su tsaye cikin ruwa har gwiwa, suna kwasar mai da tafin hannu. Ba sai an yi bincike ba, ga guduma a hannuna, ga ni baƙi ƙirin har gira.

'Yan sandan soja suka zo suka tafi da ni birni. Tambayarsu ɗaya ce: wa ya aiko ni? Na ce, "Ranka ya daɗe, in Amurkawa sun rasa ɗan leƙen asiri sai ni, ai mun ci yaƙin nan." Nan haƙorin ya tafi. Da duka ya yi yawa sai na yi wautar da ta fi ta kwata. Na ce su ji tausayina, ɗana matuƙin jirgin yaƙi ne. Na faɗi sunansa, na faɗi inda yake. Babbansu ya daina dukana, ya ce, "Af, haka ne? To ya kamata ya san irin uban da yake da shi." A ƙarshe suka yanke cewa ni mahaukaci ne ba maci amana ba, suka sako ni. Karo na farko ke nan da hukuma ta faɗi gaskiya a kaina.

Yanzu ji abin da ya fi dukan ciwo. A hanyar dawowa na bi ta tashar jirgin ƙasa. Bayan rumbun kaya ga ganguna nan tsibi guda, na ƙauyenmu da na maƙwabta, tun na farkon bazara, ciyawa ta fito a tsakaninsu, wasu sun yi tsatsa suna yoyo. Na tambayi mai gadin tasha yaushe za a kwashe. Ya ce, "Da me, kawu? Ba tarago. Kuma an ce inda ake tacewa an jefa masa bam." Ko ɗigo ɗaya bai bar nan ba! Sun karya bayan tsofaffi, sun aske duwatsu, sun sa na ga kaina a matsayin mai kashe ɗana, na kashe shinkafar mutane, duk a kan abin da ke zaune yana shayar da ciyawa. Na zauna a kan ganga na yi ta dariya har mai gadin ya matsa nesa.

Ƙauye ya zauna a kaina, kin san hukuncin. An ƙaurace wa gidanmu. Ba gaisuwa, ba ciniki, ba aron wuta, ba shiga gidan wanka, sai dai in gobara ta tashi ko an yi mutuwa. Nogami ya aiko aka faɗa mini daga bakin shinge. Matabei, wanda muka yi satar kankana tare muna yara, in ya hango ni sai ya tsaya gyaran igiyar takalmi. Takalmin ma ni na yi masa, igiyar lafiyarta lau.

Ba zan ce sun zalunce ni ba. Shinkafa shinkafa ce. Na bi ƙauyukan ƙetaren dutse ina musanyar takalma da ragowar dashe, in ɗauko a baya in ajiye a bakin fadama. Suna ɗauka, ba sa duban inda nake. Okuma na fara kai wa. Amma ina tambaya: wanda ya ɓata dashen rabin ƙauye an hana shi wanka, to waɗanda suka ɓata ƙasar gaba ɗaya fa? Su wa ya hana su?

Abu ɗaya ke hana ni sakewa, maganar babban ɗan sandan nan. Wataƙila barazana ce kawai. Mai irin aikinsa ina ya ga lokacin aika saƙo a kan mai takalmi? Haka nake gaya wa kaina. In kin rubuta wa Genzo kada ki ambaci komai. Ki ce ubansa yana nan yana surutu.

Ki gaishe da kowa. Ki yi mini faɗa a takarda, na yi kewar a yi mini magana ko da zagi ne.

Mijinki mahaukaci, da shaidar hukuma,
Rihei


Kamitsuru, watan Yuli

Oshige, matata,

Ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya, da Fumi, da ƙaramar. Ki ba Fumi jaririyar ta riƙe kafin ki ci gaba, ki sa ta zauna kusa da ke.

Genzo ya tafi. Ba rakiya ba. Tun watan jiya ne, a tekun Okinawa. Na roƙi Tokuji kada ya buɗe baki sai kin karanta da kanki, don ni ya kamata in faɗa miki, kuma akwai sauran da shi ba zai iya faɗa ba.

Wani hafsa ne ya kawo farin akwatin nan da ake sa tokar mamaci, rataye a wuyansa da farin zane. Da ya miƙo mini na shirya hannuwana don nauyi, sai na kusa jefa shi sama. Kwandon da kike sa zare ya fi shi nauyi. An ce ba a buɗewa. Na shiga ɗaki na buɗe. Ɗan guntun katako ne da sunansa a jiki. Katakon ma na banza, mai ido, irin wanda ko a dunduniyar takalmin yaro ba zan sa ba.

Mutuwa ce, don haka ƙauye ya zo, yadda al'ada ta ce. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su ɗauke ni mutum ba, su ne suka cika tsakar gida. Mata suka hura wuta a murhunki, Okuma tana yanka kabewa, Matabei yana shimfiɗa tabarmi yana share hanci. Malamin haikali ya yi karatunsa. Ni ina durƙushe a gaba cikin rigar da ta yi mini yawa, ina cewa a raina, to, ko ba komai ya tafi bai san abin da ubansa ya aikata ba.

Sai hafsan ya miƙe zai yi jawabi. Ya ce Genzo yana cikin 'yan rakiyar da aka so a ajiye, saboda ya iya tuƙi, irinsa sun yi ƙaranci. Amma da labarin abin da ya faru a ƙauyensu ya iso sansani, aka kira shi aka sanar da shi. Ya ce yaron ya sunkuya ya fita. Washegari ya dawo da kansa ya roƙi a sa shi a tashi na gaba, don ya wanke sunan gidansu. An ce masa ya yi tunani, ya ce ya gama. Hafsan ya juyo gare ni ya ce, "Ka gode wa ɗanka. Ya mayar maka da fuskarka."

A matsayin yabo ya faɗa, Oshige. Mutane suna kuka suna gyaɗa kai. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗa na gari." Ni kuwa ina kallon tabarma, ina jin kamar an sa diga a ƙirjina ana ja da igiya.

Kin ji. Ba mai ne ya kai shi ba, ba Amurkawa ba ne suka fara kashe shi. Yana cikin masu dawowa, ni na fitar da shi, da gudumata da bakina. Na faɗa, ba zan ɓoye a bayan kowa ba. Amma ba ni kaɗai ba ne, kuma ba zan ɗauke musu nasu kason ba. Wa ya ɗauki maganar tsohon wawa ya kai ta har kudu, a ƙasar da ta rasa taragon ɗaukar ganga? Wa ya kira yaro ya tsayar da shi ya ɗora masa laifin ubansa? Wa ya koya masa tun yana makaranta cewa kunya da jini ake wanke ta? Sun san abin da zai yi. Sun san irin yaran da suka ƙera.

Da aka gama, Nogami ya matso gabana, a gaban kowa, ya durƙusa. Ya ce, "Rihei-san, ƙauye ya zauna. An janye hukunci. Daga yau kai namu ne. Ga kuma allon da za a kafa a ƙofarka, gidan gwarzo, duk mai wucewa ya rusuna."

Kin san ni, duk rayuwata in abu ya yi zafi sai in nemi abin dariya in fake. Na laluba ban samu ba. Na ce, "Nogami, ɗauki allonka." Ya ce, "Baƙin ciki ne ke magana." Na ce, "Ni ne ke magana. Hukuncin da kuka yi mini na shinkafa ne, kuma daidai ne, ban gama biyansa ba. Ku ci gaba. Gaisuwar da aka saya da ɗana ba na so. In kun gan ni a hanya ku gyara igiyar takalminku." Hafsan ya dafa takobinsa, malamin haikali ya raɗa masa cewa hukuma ta riga ta ce ni mahaukaci ne. Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Matabei ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Rihei, kai jaki ne." Na ce, "Na sani." Ya ce, "Gobe zan kawo maka dankali, ba kuma don allo ba." Ban dai ce kada ya kawo ba.

Sun so a kai akwatin makabarta ranar, na hana. Ke kika haife shi, ba za a rufe ko da sunansa ne ba ki nan. Yana kan kantar ɗaki, ina sa masa ruwa da shinkafa in an samu. Tokuji ya ce in kin yarda zai ƙetaro da ke a ƙaramin kwalekwalensa ta gefen da babu nakiya. Ki duba da kanki, in hanyar ba ta yi miki ba ki jira, akwatin ba inda za shi.

Ban ce ki yafe mini ba, ban san da wane baki zan roƙa ba. In kin zo kin ga ba za ki iya yi mini magana ba, ki zauna a ɗakinki, zan dafa in ajiye miki a ƙofa. Shirun ƙauye guda na ɗauka ban mutu ba. Naki ne ban sani ba ko zan iya, amma ki zo.

Ki gaishe da Fumi. Ki riƙe ta, tare suka girma.

Mijinki, in har kina so,
Rihei